Noti Ɗaya Ya Rage

Ranar Laraba, ruwa bai ɗauke ba a Ancud,
kwana tara ke nan yana dukan kwanon makaranta.
Na rubuta a allo: Baƙuwarmu ta yau.
Na jera kujeru,
na ce kowa ya tanadi tambaya ɗaya mai hankali.

Herminia Cárcamo ta shigo ba takarda a hannunta.
Baro ta turo, ƙafarsa na kuka,
ciki injin kwalekwale kwance kamar kifin da ya gaji.
Shekara arba'in tana gyara a bakin gaɓa,
baƙin mai ya zauna a tsagar yatsunta
har sabulu ya haƙura.

Ta dubi kujerun, ta dube ni.
"Malama, a kwashe waɗannan.
Inji ba ya jin magana daga nesa."

Muka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa,
yara ashirin da shida suka durƙusa.
Ta ba Rayén sifana, ta ba Baltasar tsumma.
Baltasar ya tsuke fuska, ta ce,
"Mai tsumma shi ke fara ganin yoyo."

Aka shiga kwancewa.
Murfi, filogi, kafireto,
kowane noti a ajiye shi bisa yadda ya fito.
Ba ta faɗin sunan abu
sai wanda ya riƙe shi ya tambaya.

Ni da na yi mako uku ina koyar da matsin iska,
da alli, da zane, da kibiyoyi,
na tsaya gefe ina kallon Eladio,
Eladio na ƙarshen aji, mai barci kan hannunsa.
Ya toshe ramin filogi da babban yatsa,
ta ja igiya, iska ta ture yatsan,
ya zabura: "Ashe wannan ne matsin!"
Wani abu ya soke ni a ƙirji.
Kishi ne ko murna, har yau ban rarrabe ba.

An buga ƙararrawar hutu, ba wanda ya ɗaga kai.
Mayarwa ta fi kwancewa wuya.
Ignacia ta ɗaure a karkace, ta kwance, ta sake,
ta murje yatsa, ta tsotse jinin, ta ci gaba.
Aka rufe murfi. Aka yi tafi.

Sai Rayén ta nuna jarida.
Kan hoton wani ɗan ƙwallo, daidai goshinsa,
noti ɗaya.

Aji ya yi tsit, ruwa kaɗai ke magana.
Na buɗe baki zan ce ba komai, an yi ƙoƙari,
irin maganar da muke shafa wa yara kamar man zafi.
Herminia ta riga ni:
"Ƙanena ma ya taɓa cewa ai ɗaya ne kawai.
Kwana biyu teku na yawo da shi
kafin a jawo shi gida.
A kwance."

Suka yi guna-guni, suka kwance.
Malamin lissafi ya zo karɓar ajinsa,
ya tsaya a ƙofa yana duba agogo,
can na gan shi a tsugune yana haska musu tocila.
Baltasar ne ya gano gurbin,
yana goge ƙasan kafireto da tsummansa.

A waje, ƙarƙashin indararo,
muka tsoma ƙafar injin cikin ganga.
Ja na farko, tari.
Na biyu, tari da hayaƙi.
Na uku Eladio ne ya ja,
sai ganga ta tafasa, ruwa ya wanke mu duka,
ihu ya fito da shugabar makaranta daga ofis.

Ta mayar da injinta baro, ta tafi cikin ruwa,
ba ta tsaya godiya ba, akwai mai jiran gyara.
Tambayoyi ashirin da shida masu hankali
suka jiƙe a aljihu, ba wanda ya tuna.

Tabon mai na nan a tsakiyar aji.
Mai shara ta ce za ta kawo kananzir.
Na ce ta bari tukuna.