Ba Dole Ba Ne

Asabar a Fresno, gari bai waye ba,
Xiomara na fiƙe fensir a bakin murhu.
Jami'a ta ce, "Ba dole ba ne."
Malama Whitlock ta ce, "Ba dole ba, amma fa..."
Wannan "amma" ta cinye mata barcin wata uku.

Babanta Efraín ya ƙirga kuɗin rajista
da kwandon inabi, ba da dala ba:
ilimin sinadarai, kwando arba'in;
tarihi, yini cur a rana.
Bai tambayi amfaninsu ba.
Wanda bai san zurfin rafi ba
har takalmi yake ɗorawa a ka.

A zaure agogo ya fi kowa surutu.
Ta cike ƙananan da'irori
kamar mai shuka cikin duhu.

Saƙo ya zo a Maris: an ɗauke ta.
Sau huɗu ta karanta,
tana neman inda aka ambaci sinadarai.
Babu.
Sun dai yaba abin da ta rubuta
kan hannuwan babanta,
yadda inabi ya rina su.

Efraín ya juya tafinsa, ya daɗe yana kallo.
"Wannan kuwa," ya ce,
"ko sisi ban biya ba."