Kama da Wane

A shagon da ke gab da gadar Alexandra
an jera su kafaɗa da kafaɗa
kamar ɗan wa da ɗan ƙani.
Ɗaya kuɗinta askin tumakin sati uku ne,
ɗaya na sati guda, har da canjin harsashi.
Na laluba aljihu, aljihu ya yanke hukunci.

Lachlan Tweedie na ƙetaren rafi
shi ke da ta asalin, shekara talatin da ɗoriya.
Ya karɓi tawa, ya juya ta, ya shinshina,
ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce, ta yi kukan bokiti.
"Roba," in ji shi, ya miƙo mini da yatsa biyu.
Na sani, araha ba ta ado.
Ni ma ba biki zan kai ta ba.

Muka kafa kwali a jikin shinge, taku hamsin.
Harsashin ɗaya ne, bai kai ɗan yatsa ba,
irin wanda allura ke sara a gefen gindi.
Kunamar tasa ta karye kamar busasshen tsinke.
Tawa sai da na ja ta
kamar ragon da ya hango almakashi.
Hudarsa biyar, kwabo ɗaya ya rufe su.
Nawa sai tafin hannu, har ɗaya ta leƙo.
A harbi na bakwai kwanso ya maƙale mata a baki
kamar guntun sigari a leɓen ɗan dako.
Lachlan ya yi dariya har karensa ya taya shi.

Daren hunturu a Otago dogo ne.
Na kwance ta a kan teburin girki,
Ngaire tana mitar warin mai a kusa da burodi.
Can ciki na ga inda gaggawa ta bar kaifi,
na bi shi da magagari, kaɗan, kaɗan.
Na ba ta harsashi iri huɗu.
Ta tofar da mai tsada,
ta so na talaka, dalma tsirara.

Gidan harsashin Lachlan ya shige ta, ƙyas,
kamar don ita aka ƙera shi.
Sun kwaikwayi tsawo, sun kwaikwayi nauyi,
har ramin kowane noti suna wurinsu.
Haƙuri ne kawai ba su auna ba,
shi suka bar wa mai saye.

Da bazara ta shigo tudun ya fara motsi.
Zomaye, kamar ƙasa ce ke tafasa da magariba,
suna aske ciyawar da raguna ke jira.
Ba zomon da ya tsaya karanta tambari.
Shi arba'in da huɗu, ni talatin da tara,
biyu daga cikin kuskurena laifin idona ne.

Sai ruwa ya tsuge a kanmu.
Na zame a kan dutse, tawa ta gangara,
na ɗauke ta, na goge da hannun riga.
Na waiga, ga dattijo ya tuɓe kwat,
ya naɗe tasa kamar jaririya,
shi kuwa ruwa na bin ƙashin bayansa.

Sati biyu yana tari.
A na uku ya tsaya a ƙofata, yana kallon sama.
"Hadari ne," ya ce. "Ko za ka ara mini bokitin nan?"

Ba zan yi ƙarya ba, na taɓa ɗora tasa a kafaɗa.
Akwai wuri a itacen da ya yi santsi, ya yi duhu,
daidai inda kumatunsa ke sauka tun yana saurayi.
Roba ba ta riƙe kumatun kowa.
Kama da wane ba ta wane.

Tasa tana kabad yanzu, a kulle, ta sha mai,
tana jiran jikansa na Dunedin
wanda ko nama ba ya ci.
Tawa tana bayan kujerar mota da taɓo a ƙota,
ran Talata a wurina, ran Asabar a wurinsa,
kuma har yau bai daina zaginta ba.