Cigiya

Ƙarfe biyu na dare a Ƙofar Ƙaura,
janareto na tari a bayan ofis,
ni da injuna shida muke gadin sunaye.

Bara inji ɗaya ne ke ɗauke da kundin duka:
filaye, gonaki, wa ya sayar, wa ya saya,
wa ya dangwala yatsa.
Da kundin ya yi ƙiba, inji ya fara nishi,
sai ya tsaga kansa da kansa,
ba wanda ya miƙa masa wuƙa,
kamar yadda ake ɓara goro a ba na kusa.
Kashi shida, kowa da ɗakinsa,
kowane kashi da kwafinsa a ɗakin maƙwabci.

Yanzu in ka rubuta suna
tambaya ba ta bin layi,
ƙofa shida take bugawa lokaci guda.
Wannan ya ce ga uku, wancan ya ce babu,
na huɗu ya yi nawa
kamar mai neman takalminsa a bakin masallaci.
Mai tattarawa ya jera amsoshi, mafi kusa a sama,
tun shayina bai huce ba.

Ranar Talata ɓera ya ci wayar na biyar.
Ba wanda ya ji labari a gari.
Kwafinsa ya amsa sallama a madadinsa.

Daren nan hannuna ya rubuta sunan Baba.
Sallau Maƙeri. Sakamako ɗaya:
gona a Batagarawa, kadada biyu da rabi.
Iyakar sanin injuna shida ke nan.

Ashe shi ma haka ya rarraba kansa
tun kafin mu lura yana nishi.
Yaya Tasalla ta riƙe basussuka,
wa muke bi, wa ke bin mu.
Indo ta san saiwar shawara da ranar haƙo ta.
Ni na tashi da lissafi da taurin kai.
Barau kaɗai aka kai bayan gona,
aka nuna masa gurbin tsamiyar da aka sare,
taku nawa ne daga nan
zuwa inda kakarmu ke kwance ba alama.

Barau ya rasu a hanyar Jibiya da azumi.
Ba mu yi masa kwafi ba.

Na sha aika cigiya.
Tasalla ta ce ta ji dai ana faɗin gabas,
Indo ta ce akwai suri, ko an rushe shi.
Amsa biyu sun iso.
Ta uku, ɗan zoben nan na allo
sai juyawa yake.

Injina in ya jira daƙiƙa biyu
ya haƙura, ya rubuta: sakamako bai cika ba,
ya kama hidimar wani.
Ni ba wanda ya yanka mini wa'adin jira.

Mai ya yi ƙasa a janareto.
Bari in ɗauko jarka.