Gado Shida, Fitila Ɗaya

A gindin duwatsun Riruwai,
inda direba ke kashe mota ya ce iyakarsa ke nan,
Sallau ya tayar da ɗaki da jar ƙasa,
ya rufa shi da kwanon tsohon barikin masu haƙar kuza.
A jikin ƙyaure an rubuta da gawayi:
Kwana dubu da ɗari biyar.
Ruwa kyauta. Sauro ma kyauta.

Gado shida, fitila ɗaya,
buta biyu, guda tana yoyo,
ƙusoshi a bango don rataye jaka.
Na ɗauki gadon bakin taga,
katifar ta san bayan mutum ɗari
kafin ta san nawa.

Mu biyar muka kwana ran Juma'a.
Ɗalibai biyu daga Wudil da 'yar guduma,
suna ƙwanƙwasa tsakuwa kamar masu jiran a amsa sallama.
Tanimu tela, da likita ya ce ya rage tumbi.
Ni, da na gudo wa hayaniyar Kantin Kwari.
Sai wani dattijo, Jatau,
bai ce daga ina ba, ba mu tambaya ba.

Garin rogon wancan, ƙuliƙulin wannan, sukarina,
kwano ɗaya, cokali uku,
wanda ya sha ya miƙa.

Da dare ya raba Jatau ya tada minshari
kamar injin niƙa ran kasuwa.
Na ƙirga azara, na sake ƙirgawa,
na toshe kunne da hula,
na ce a raina: araha ba ta ado,
ashe barci ma ba ta yi.

Asuba Sallau ya buga ƙyaure:
"Wanda ya bari rana ta riga shi,
dutse zai gasa masa tafin ƙafa."

Takalmina sabo ne, na kanti, mai igiya.
Na Jatau na tayar mota.
A tsakiyar hawa muka iske falalen dutse,
ruwan jiya ya bar masa gansakuka,
gwiwata ta fara kaɗa gangi,
na tsuguna, na rungume dutse kamar ɗan goyo.
Sai ga kan sandar gora a gaban hancina.
"Kama. Kar ka dubi ƙasa, ba inda za ta.
Dubi diddigena."
Na dubi diddigen, duk faso,
shi na bi har sama.

A can, gonakin masara sun koma tabarmi,
shanu sun koma farin wake.
Tanimu na haki yana ɗaukar hoto.
Jatau bai kalli ko ɗaya ba.
Ya nuna wani kududdufi mai koren ruwa:
"Ramin kuza ne da.
Can babana ya shiga da kwano a ka,
ina shekara bakwai.
Duk damina nakan zo in gaishe shi daga nan,
daga kusa ba na iyawa."
Ɗalibai suka aje guduma.
Ya ɗaga hannu, muka ɗaga,
iska tana kwashe amin ɗinmu tana yin gangare da shi.

La'asar ya hau acaɓa ya tafi.
Sallau ya kife katifarsa, ya kaɗe.

Daren nan ɗakin ya yi tsit,
sai gyare, sai ɗigon butar nan.
Na juya dama, na juya hagu.
Cikin duhu Tanimu ya ce,
"Kai ma idonka biyu?"

Da safe na zo biya,
Sallau ya buɗe littafin baƙi mai bangon kwali.
Na ga Jatau, na ga Jatau, na ga Jatau,
kowace shekara da dangwalen yatsa,
gurbin kuɗin kuwa fari fat.
Na ɗaga kai.
Sallau yana ƙirga min canji, bai ko dube ni ba:
"Wanda ya zo gaida uba ai ba baƙo ba ne.
Ga ɗari biyar ɗinka.
In ka dawo, ka zo mana da buta."