Ƙasa da Babu

Nusaiba ce ta saka min ita
ran Asabar, bayan la'asar,
ina rumfata a kasuwar Sabon Gari,
hannuna duk baƙin mai,
kan keken ɗinkin wata mata a cinyata.

Ta ce, Baba, manhajar banki ce,
za ta faɗa maka nawa ka kai.
Na ce, ni buhun masara ne
da za a ɗora a sikeli?

Ta ce abin ba wuya:
abin da ka mallaka a dama,
abin da ake bin ka a hagu,
a debe wannan daga wancan,
abin da ya saura, kai ke nan.

To, bismilla.
Asusun ajiya ta leƙa da kanta,
dubu sha tara da ɗari huɗu.
Babur ɗina, ta tambayi shekarunsa
kamar mai shirin ba shi mata.
Da na faɗa, ta zabge rabin kuɗinsa,
wai ƙarfe in ya tsufa daraja yake zubarwa.
Babur ɗin da ya kai mu Shika cikin ruwan sama
daren da aka haifi autana.

Gonar Dakace fa? Wai ina takarda.
Takardarta kukar da ke kan iyaka
da dattawa uku,
biyu sun riga mu gidan gaskiya.
Allon ba shi da gurbin kuka.
Awakina huɗu na wurin Yaya Dije a Giwa,
ɗaya da tsohon ciki,
huɗu zan ce ko shida?
Adashin Laraba, kwasata sai bayan salla.
Dubu talatin da Tanimu ya ara
shekarar da ruwa ya ci masa ɗaki a Tudun Jukun,
kuɗina ne, na sani, ya sani,
amma ranar da zan buɗe baki in tambaya
ba a buga ta a kalanda ba.

Sai aka juya hagu.
Nan kam idonta ya buɗe tar:
sauran kuɗin haya,
bashin ƙungiyar masu gyara,
rancen Janairu har da kwabbansa.

Na ce ƙara mata wanda ba ta sani ba.
Malam Jumare, shekara bakwai
yana koya min jin ciwon keke da kunne,
ya tafi ban saya masa ko hula ba.
Nusaiba ta ce ba a saka wannan.

Ta danna. 'Yar da'ira ta yi ta kewaya,
sabis ɗin kasuwa sai haƙuri.
Can sai ja ya fito
da 'yar sanda kwance a gabansa:
dubu sittin da biyu ƙasa da babu.

Ashe ƙarƙashin babu akwai wani ɗaki,
kuma a ciki nake kwana!
Na yi dariya har mai shayi ya leƙo.
Sai dai dariyar ba ta kai ciki ba.
Ba ƙarya ta yi min ba.
Bashi hanji ne, an ce, yana cikin kowa,
nawa ne kawai aka zaro aka auna.

Rancen Janairun nan
kuɗin rajista ne a Kongo,
inda take koyon irin wannan lissafi.
Na ce, ke fa, a wane gefe aka sa ki?
Ta ce, Baba, ba a saka mutum.
Ta daɗe tana goge allon da bakin hijabinta,
jan bai fita ba.

Na karɓi wayar na jefa aljihu,
na jawo sukuddireba.
Keken matar nan yana tsallake zare,
dubu da ɗari biyar ne
in na gama kafin magariba.