Gara a Cikin Azara

Ƙarfe biyun dare, Kakuri ta yi tsit.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ni kuwa tawa wutar ba ta jiran kowa.
Daga ƙirji take tashi, ta bi wuya, ta hau fuska,
kamar an buɗe mini madambaci a ka.
Zani na uku ke nan na jiƙa.
Na fito bakin ƙofa ina sauraron kwaɗin bakin kogi,
su ma ba su yi barci ba, amma su da dalilinsu.

Shekara hamsin da ɗaya.
Baƙon wata ya ɗauke ƙafa, ko sallama babu,
ya bar mini 'yan rakiyarsa:
gumi, mantuwa, da faɗan da ba shi da tushe.
Jiya na daka wa yarinyar shago tsawa kan maɓalli guda.
Ta yi kukanta a kan keken ɗinki,
na shiga bayan labule na yi nawa.

Lantana ta ce iska ce, a yi hayaƙi.
Hansatu ta ce girma ne, a yi haƙuri.
Na yi hayaƙin, na yi haƙurin,
na sha sassaƙe har harshe ya yi baƙi.

Ba zafin ne ya kai ni asibiti ba.
Inna Delu ce.
Macen da ke sauke buhun masara ba ta nemi hannu ba,
ta zame a bakin rariya,
irin zamewar da yaro zai tashi yana dariya.
Ƙugu ya karye kamar karan bara.
Mai ɗori ya taɓa, ya girgiza kai:
azara ce, waje sumul, ciki gara ta gama aiki.
Damina huɗu ke nan Inna ba ta taka ƙasa ba.

Likita Rifkatu ba ta yi saurin ɗaukar biro ba.
Tambaya ta yi ta yi, kamar mai binciken asali.
Akwai wadda ta yi ciwon nono a danginku?
Jini ya taɓa daskare miki a ƙafa?
Mahaifa tana nan? Hanta fa?
Ta ɗaura mini igiyar awo a dantse,
ta tura ni ɗakin hoto.
Ta ce, abin da jiki ya daina yi ne za mu ara masa kaɗan.
Ba alewa ba ne, ba kowa ake ba,
yana da rana, yana da nasa haɗarin.
Tunda mahaifarki tana nan, biyu za a haɗa,
ɗaya ya yi aiki, ɗaya ya tsare gida.
Kada ki ba ƙawa don kin ji daɗinsa.
Bayan wata uku ki dawo mu sake lissafi.

A kemis na lissafa nawa:
ɗinkin riga uku, kowane wata.
Na tsaya riƙe da takardar har mai shagon ya yi gyaran murya.
Na biya.

Sati na biyar, kiran assalatu ne ya tashe ni.
Na shafa matashi, a bushe.
Na daɗe kwance ina mamakin abin da dā ba na ko gode masa.

Yanzu da hantsi nakan taka zuwa gada, rana a bayana,
don ta ce ƙashi yana son nauyi, yana son rana.
Daga nan in biya wa Inna.
In juya ta, in shafa mata man kaɗanya,
tana da nauyin kwando a hannuna.
Ta ce, ke kam kin yi haske, me kike sha?
Na buɗe baki, na rufe.
Na ce, Inna, ɗaga hannu in sa miki riga.