Kofin Mai Shayi

Tun ladanin Bilbis bai gyara murya ba
nake hura gawayi a bakin tasha.
Cokali uku a kofin direban Ƙwanni,
huɗu na yaron mota, shi ba ya jin magana.
Ni da ke raba wa Tawa zaƙi tun asuba,
nawa kofin lami ne, kamar ruwan randa.

Ranar da likita ta ɗiga jinina a kan ɗan tsinke
ta ce, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare.
Na ce, har yaushe?
Ta ajiye alƙalami ta dube ni:
Malam Nomau, ita alwala har yaushe?

Wata uku na bi.
Ƙishirwa ta sakar mini maƙogwaro,
na bar tashi sau biyar cikin dare
ina laluben takalmi da buta.
Sai zuciya ta ce, ai ka warke,
wanda ya cika tulu me zai yi da guga?
Jaka ukun magani ta koma madara da burodi.
Arzika ya kawo mini sassaƙen maɗaci a leda,
ya ce ɗaci ke kashe zaƙi, kowa ya sani.
Na sha, na yamutsa fuska, na gode masa.

Wata Laraba garwashi ya faɗo mini a babban yatsa.
Ina ta kaɗa ƙwai, ina ba da canji.
Yaron mota ne ya ce, Baba, ƙafarka na hayaƙi.
Ban ji ba.
Wallahi ban ji ba.

Kwana arba'in miki ya ƙi rufe baki.
A gadon da ke kusa da nawa a asibiti
wani tela ɗan Keita yana naɗe ƙafar wando,
yana kama ta da allura.
Da aka sallame shi, ɗansa ya duƙa ƙarƙashin gado
ya ɗauko takalmi ɗaya.
Ya tsaya yana neman ɗayan, sai ya tuna.

Yanzu ƴata Cima ce mai tsaron ƙwaya.
Ta zuba su a gwangwanin tumatir,
duk wadda na haɗiye, ta ja layi da gawayi
a bangon da ke bayan tebur.
Ba zan ce na zama na kirki ba.
Alhamis da ta wuce motoci sun yi yawa,
na ce mata na sha.
Ba ta ce komai ba, ta juye gwangwani a tafinta,
ta ƙirga a gabana, a hankali,
yadda nake ƙirga wa mai bashi kofunansa.

Yatsan yana nan, da tabo kamar dala.
Direba na buga tebur: ƙara sukari!
Na ƙara masa.
Na ɓalli burodi, na jefa tawa ƙwayar a baki,
na bi ta da lami,
na miƙa wa Cima gawayi.